Mabuɗin Kwamfuta Amana Ne

Ya ku 'yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal, da yawanku kuna da ƙane ko ɗa mai aikin gwamnati a gida, wanda albashinsa ke rage muku nauyin aike. To, yau lissafin albashin nan a kwamfuta yake, mai riƙe da kalmar sirrinta kuwa shi ne ma'aji na gaskiya.

Zamanin En'e, bayan da fadar Katagum ta koma Azare a 1916, mabuɗin Baitulmali na hannun ma'aji, amma ba ya fid da sule sai da boca mai sa hannu. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta kawo tsarin IPPIS don kawar da ma'aikatan bogi. Sai dai kwamfuta ba ta ƙin umarnin mai mabuɗi. In mutum guda ke shigar da suna, ya amince, ya saki kuɗi, an ba kura ajiyar nama. A 2022 hukumar EFCC ta gurfanar da Babban Akanta na Tarayya, Ahmed Idris, wanda tsarin ke ƙarƙashin ofishinsa, bisa zargin karkatar da naira biliyan 109.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Bauci da ƙananan hukumomin ƙasar Katagum su raba izini. Mai shigar da suna dabam, mai amincewa dabam. Kowane ma'aikaci a buɗe masa abin da aikinsa ke bukata kaɗai. Na'ura ta riƙa rubuta wanda ya taɓa kowane suna. Wanda aka canja wa wurin aiki, a soke mabuɗinsa ran nan. In ba haka ba, malamin makaranta zai kwana da yunwa, fatalwa na cin albashinsa.