Bashin zumunta na neman cinye jarin ƙananan ƴan kasuwa

Duk wanda ya san kasuwar Tawa ya san ba da tsabar kuɗi kaɗai take ci ba. Mai hatsi yana auna wa matar ɗan'uwansa tiya biyar ba a ba shi ko dala ba, sai mijinta ya aiko daga Abijan. Mai ƙosai tana ɗaukar wake da mai da safe, ta biya da marece. Babban ɗan kasuwa yana ba yaro kaya ya kai Barmu ko Kalfu ko Takanamat, babu takarda babu shaida, don kawai ya san ubansa. Wannan yarda ita ce babban jarin Adar, kuma muna ganin ta fara rauni.

Dalilin da ya sa abin ya fi ƙarfi a nan ba ɓoyayye ba ne. Da an gama girbi samari da magidanta sai su tafi bida, wasu Kodibuwa, wasu Najeriya, wasu Libiya ko Aljeriya. A can ɗan garinsu ne ke saukar da su, ya ba su wurin kwana da ɗan abin fara sana'a. A nan gida kuwa iyalin da aka bari suna ci ne bisa sunan wanda ya tafi, kuma mai shago ko mai awo na unguwa ne ke riƙe da su. An ga haka lokacin da yaƙi ya ɓarke a Kodibuwa a 2002, da lokacin yunwar 2005, da kuma 2011 da rikicin Abijan da na Libiya suka koro ƴan bida gida hannu banza. An sake gani bayan juyin mulkin Yulin 2023, da iyakar Ƙonni da Illela ta kasance a rufe har watan Maris na 2024. Gidaje da yawa sun ɗora tukunya a waɗannan shekaru ne saboda wani ƙaramin ɗan kasuwa ya ce "ɗauki, in an samu a kawo".

To, ina matsalar take? A da, sai an jira matafiyi ya taho da saƙo, wata biyu ko uku. Yau kuɗi na isowa ta Nita ko Al Izza a yinin da aka aiko su, amma ba sa bi ta wurin mai bin bashi. Sai a yi biki da su, a sayi salula, in ma cefane ya tashi a tsallake shagon da ake bin mutum a kai tsabar kuɗi wani shagon. Mai shago yana gani, kunya ta hana shi magana, domin wanda yake bi ƙanin matarsa ne ko maƙwabcin da suke sahu ɗaya a masallaci. Mai jarin jika hamsin, in jika ashirin na hannun dangi, da me za ta saro kaya?

Wajen adashe ma haka ne. Wata ta kwasa a farko, daga nan zubi ya gagare ta, uwar adashe ta rasa bakin magana. Ɓarnar ba ta tsaya ga kuɗi ba. Mai bi ba ta barci, wadda ake bi tana sauya hanya, gaisuwa ta yanke, har suna da ta'aziyya a daina zuwa. Bashin da aka bayar don a riƙe zumunta shi ne ya koma ya raba gida biyu.

Ba mu ce a daina ba da bashi ba. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ranar da aka daina shi a Adar talaka ne zai fara ji a jikinsa. Abin da muke cewa shi ne a rubuta, a sa rana, a samu shaida, ko da tsakanin wa da ƙane ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, kan rubuta bashi take, don haka babu wanda zai ce rubutu rashin yarda ne. Kuma muna da misali a gida. Tsarin Mata Masu Dubara, wanda ƙungiyar CARE ta fara da matan jihar Maraɗi a 1991, bai daɗe ba sai don ana zubi da ramce da biya a gaban idon kowa, da doka da tarar da matan suka yanke wa kansu. Yau ƙasashe da dama a Afirka da wajenta sun kwaikwaye shi.

Haka nan in taimako ne a faɗa tun farko cewa kyauta ce, kada a kira shi ramce alhali kowa ya san ba za a biya ba. Wanda kuma masifa ta faɗa wa da gaske, gobara ko rashin lafiya ko an koro shi daga inda yake bida, a yi masa jinkiri. Manyan ƴan kasuwa su ma su sassauta wa ƙanana a irin wannan hali.

Muna kira ga shugabannin ƴan kasuwa da na ƙungiyoyin mata na Tawa su naɗa dattawan da za su riƙa sasanta rigimar bashi cikin kasuwa, tun kafin ta kai kamisariya. A yi haka kafin bazara ta kama, domin lokacin ne rumbu ke ƙarewa, masu neman awo bashi su yi yawa.