Mu San Doka: Jirgi Mai Ɓoyayyen Aibi

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a wannan wata maganar jirgin ruwa za mu yi. Wanda yake nesa da kogi ma ya saurara, don dokar ta shafi amalanke da injin ban ruwa.

A ce wani mai noman shinkafa a Gaya ya sayi tsohon jirgin katako jika 300, don ya riƙa ƙetare kogin Kwara da buhunansa. Jirgi ya sha sabuwar kwalta, yana ta ƙyalli. Kwana goma sai ga yoyo. Da masassaƙi ya kankare kwaltar, sai aka tarar katakon gindi ya ruɓe tuntuni, an cusa tsumma an shafe. Mai sayarwa ya ce ciniki ya faɗa, babu komawa. To, haka ne?

Ba haka ba ne. Kundin dokar zaman jama'a da Nijar ta gada daga Faransa, wanda asalinsa na shekarar 1804 ne, ya yi maganar wannan tun daga aya ta 1641. Mai sayarwa shi ke ɗauke da nauyin ɓoyayyen aibi, muddin aibin yana nan tun kafin ciniki, kuma ya hana abin yin aikinsa. Malaman fiƙihu ma sun san mayar da kaya saboda aibi.

Amma a lura. Aibin da ido ke gani ba ya ciki. In katako ya tsage a fili, ka gani, ka biya, naka ne.

Zaɓi biyu gare ka: ko ka mayar da jirgi ka karɓi kuɗinka duka, ko ka riƙe shi a rage maka wani abu, gwargwadon yadda masana aikin suka ƙiyasta. Ko mai sayarwa ya rantse bai sani ba, zai mayar da kuɗi, sai fa in tun farko kun yi sharaɗi cewa ba ruwansa da aibi. In kuwa ya sani ya ɓoye, sharaɗin ba ya cetonsa, har asarar da ka yi zai biya, kamar shinkafar da ta jiƙe. Sabuwar kwalta a kan ruɓaɓɓen katako, ni dai a ganina, shaida ce babba.

Inda mutanenmu suke faɗuwa shi ne kunya da jinkiri. Ana cewa bari a ga bayan girbi. Aya ta 1648 ta ce a kai ƙara ba da daɗewa ba. In ka yi damina guda kana tuƙa jirgi, wa zai yarda ba a hannunka ya lalace ba?

Ranar da ka ga aibi, fitar da jirgi tudu. Kada ka gyara, kada ka jefar da ruɓaɓɓen katako. Kira masassaƙi da dillali da shaidun ciniki su gani da idonsu. Sannan ka sami mai sayarwa cikin mutunci. In ya ƙi, sai wurin maigari ko sarki, don doka ta ba su ikon sasantawa. In an daidaita, a rubuta takarda kowa ya sa hannu. In sulhu ya gagara, ka tafi wurin alƙali da shaidunka, da takardar ciniki in kun yi ta.