Sabon tsari ya zo, wa zai riƙe shi?

A 2025, da LHIMS, tsarin kwamfutar da ke ajiye bayanan marasa lafiya, ya tsaya, asibitocin gwamnati suka koma biro da takarda, masu katin NHIS suka sha zaman layi. Ma'aikatar Lafiya ta kawo GHIMS a madadinsa. To, madalla.

Amma abin da ke tsayar da layi kullum ƙarami ne: nas ta manta kalmar sirri, firinta ta ƙi, dumsor ya kashe intanet. Wa za a kira? Ya kamata a ɗauki ma'aikacin kwamfuta na dindindin a kowane asibiti, har da na Maamobi. Samarinmu na Nima masu gyaran waya a Circle kuwa, hannu akwai, takardar shaida ce ta rage. Ku je ku nemo ta kafin guraben su fito.