Dawowar Dodon Hoto

Kalmar "dodon hoto" ta kusa ɓacewa daga bakin matasa tun da kyamarar dijital ta ture fim. Sai ga shi masu buga hoto da tsofaffin dabaru sun dawo da dodon ta wata ƙofa.

Dabarar sayanotaif, wadda Sir John Herschel ya ƙirƙiro a Ingila a 1842, ba ta yarda da faɗaɗa hoto. Ana shafa wa takarda ruwan sinadarai biyu masu ɗauke da ƙarfe, a kifa dodo a kanta, a shanya a rana, a wanke da ruwa, hoto ya fito shuɗi. Tilas girman dodo ya zo daidai da na hoton, abin da a da ke buƙatar ƙatuwar kyamara. Yanzu a kwamfuta ake juya hoton, fari ya koma baƙi, sannan firinta mai fesa tawada ta buga shi a kan leda garai-garai.

Masu ra'ayin riƙau na kiran wannan algus. Hujjarsu ba ta da ƙarfi. Abin da ido ya gani baƙi ba lallai ya tare hasken rana ba, domin kowace tawada da gwargwadon ƙarfinta. Sai an yi ta gwaji ana ɓata takarda kafin a daidaita duhun. Shafi, shanya da wanki kuwa har yau aikin hannu ne.

Masu ƙirƙirar keɓaɓɓun kalmomi ba su da dalilin nema wa wannan leda sabon suna. Fuskar da ke kanta baƙa ce, gashin fari fat, kamar dai dodon fim.