Mun Tuna Mangoron, Mun Manta Jirgin

Ka tsayar da Hausawa a bakin masallaci ko a teburin mai shayi, ka tambaye su wane ne Murtala Nyako. Mafi yawansu za su ce maka Baba Mai Mangoro ne. Waɗanda ke bin siyasa za su ƙara da cewa tsohon gwamnan Adamawa ne da majalisa ta tsige a watan Yulin 2014. Da ƙyar za ka sami wanda zai ce maka mutumin nan ya shekara talatin a rundunar sojan ruwa, ya ja ragamar jiragen yaƙi a kan teku, har ya zama shugaban rundunar gaba ɗaya. Wannan mantuwa tamu ce ta dame ni, domin tana nuna yadda muka ɗauki teku, alhali daga cikinta muke ci.

Ga tarihin a taƙaice. Nyako Bafulatani ne ɗan Mayo-Belwa, garin da ke da nisan ɗaruruwan kilomita daga gaɓar teku. Ya shiga sojan ruwan Najeriya a 1963, aka tura shi kwalejin horar da hafsoshin ruwa da ke Dartmouth a Ingila, ya fito ƙaramin hafsa a 1965. Ya yi kwamandan jirgin sintiri, ya yi kwamandan jirgin sauke dakaru a gaɓa, ya kuma riƙe jirgi na farko mai ɗauke da makamai masu linzami da Najeriya ta mallaka. Da aka ƙirƙiro jihar Neja a 1976, shi aka fara naɗawa gwamnan soja, ya yi ƙasa da shekara biyu ya koma bakin aikinsa. A 1990 ya zama hafsan hafsoshin sojan ruwa, kuma a watan Agustan shekarar ne jiragen ruwan Najeriya suka kwashi dakarun ECOMOG zuwa Monrovia lokacin yaƙin basasar Laberiya. Ya sauka daga muƙamin a 1992, ya yi ritaya a 1993.

Na san abin da wani zai ce: ai ɗan siyasa ne, an tsige shi, EFCC ma ta kai shi kotu. Haka ne, kuma daga baya kotun ɗaukaka ƙara ta ce tsigewar ba ta bi ƙa'ida ba. Wannan lissafi ne tsakaninsa da mutanen Adamawa da alƙalai, ni ban zo wanke kowa ba. Abin da nake tambaya shi ne, me ya sa ba ma ganin girman hafsa sai ran da ya hau kujerar gwamna? Mutum ya kwana shekaru yana koyon karatun taswirar ruwa, da lissafin igiya da iska, da yadda ake riƙe rayukan mutane a cikin ƙarfe guda a tsakiyar teku, mu kuma abin da ya tsaya mana a rai shi ne gonar mangoro da rigimar majalisa. Yaron da ke saurarenmu wane darasi zai ɗauka? Zai fahimci cewa ƙwarewa ba ta da daraja, kujera ce kaɗai abin nema.

Mu mazauna Zangon Kwatano mun fi kowa laifi a nan. Daga unguwarmu zuwa tashar jiragen ruwa tafiyar ƙafa ce. Shinkafar da muke sayarwa, da dilar gwanjo, da atamfa, da motar da ake kira 'yar Kwatano a Kano da Katsina, duk ta ruwa suka zo. Kafin juyin mulkin Nijar na 2023, manyan motocin da ke ɗaukar kaya su bi ta Parakou su haye gadar Malanville zuwa Gaya, daga nan su watsu Dosso da Yamai da Maraɗi, a bakin tashar nan suke lodi. Amma ka zauna a majalisar 'yan kasuwarmu, za ka ji an san farashin kwantena, an san kuɗin duwan, an san canjin sefa da naira har na safiyar ranar, ba wanda ya damu da waɗanda ke gadin hanyar da kwantenar ta biyo. Sai ka ce kayan daga sama suke faɗowa cikin sito.

Alhali an taɓa nuna mana. A 2011 'yan fashin teku suka dawo da ayyukansu gaɓar Benin, gaɓar da duk tsawonta bai wuce kilomita 125 ba. A shekarar kaɗai an kai hari wajen sau 20, akasari a kan jiragen dakon mai. A watan Agusta masu inshorar jiragen ruwa na Landan suka sanya ruwan Benin cikin jerin wurare masu haɗari. Kuɗin inshora ya tashi, jirage suka riƙa kauce wa Kwatano, kuɗin shigar gwamnati ya ragu, kuma wanda ke jiran kayansa a Zango ya ji a jikinsa. Shugaba Boni Yayi ya kai kuka Majalisar Ɗinkin Duniya, ya kuma nemi taimakon Najeriya. A watan Satumba ƙasashen biyu suka fara sintirin haɗin gwiwa da aka sa wa suna Operation Prosperity, hare-haren suka lafa. Waɗanda suka yi wannan aiki hafsoshi ne irin Nyako, mutanen da suka san yadda ake tsayar da jirgin da ba ya son tsayawa. Babu dillali ko ɗaya da ya iya sasanta wannan matsala da waya.

Tun daga lokacin aka yi ta gyara. A 2013 shugabannin yankin suka sa hannu kan yarjejeniyar Yawunde ta tsaron teku. A 2015 aka buɗe cibiyar haɗin gwiwa a nan Kwatano, wadda ta haɗa Benin da Togo da Najeriya da Nijar. Ku lura da sunan ƙarshe: Nijar, ƙasar da ba ta da ko taku ɗaya na gaɓar teku, ta ga ya dace ta zauna a teburin, domin ta san ta ina abincinta ke shigowa. Duk da haka ba a huta ba. A 2020, cikin ma'aikatan jirgi 135 da aka sace a duniya baki ɗaya, 130 a mashigin tekun Gini aka sace su, wato a ƙofar gidanmu. Sai a watan Maris na 2022 aka cire Najeriya daga jerin ƙasashen da fashin teku ya addaba. Wa ke shugabantar sojan ruwan Najeriya a lokacin? Awwal Zubairu Gambo, ɗan Kano. Mu nawa ne muka san haka?

Akwai wani abin kunya ma da ya fi wannan. Jiragen yaƙin Najeriya da dama sunan Hausa gare su. Babban jirgin da aka ƙera a Hamburg ta Jamus, ya fara aiki a 1982, ya daɗe yana zaman uban tafiyar rundunar, sunansa Aradu. An yi Dorina, an yi Damisa, an yi Kyanwa, an yi Ruwan Yaro na horar da ɗalibai. Jirgin sauke dakaru da ya iso a 2022 sunansa Kada. Harshenmu yana rubuce da manyan baƙaƙe a jikin ƙarfe yana yawo tashoshin duniya, masu harshen kuma suna zaune suna cewa ruwa ba namu ba ne.

Wannan magana ta ruwa ba namu ba ne ita nake son mu tsaya a kanta, domin na sha jin ta daga bakin masu bugo waya a shirye-shiryenmu, musamman iyaye. Hujjarsu uku ce.

Ta farko, wai Bahaushe ɗan tudu ne, bai gaji ruwa ba. To Sarkawan Yawuri fa? Masuntan Argungu da ke nutsewa su fito da giwan ruwa fa? Sarautar Sarkin Ruwa daga wace ƙasa aka aro ta? Kuma ko da ba mu gada ba, wa ya gaji tuƙin tirela? Kakanninmu da jaki da raƙumi suka yi fatauci zuwa Gwanja, jikokinsu suka koyi sitiyari ba tare da sun jira gado ba. Nyako bai ga teku a Mayo-Belwa ba, koya ya yi.

Ta biyu, wai aikin jirgi yana lalata tarbiyya, yaro zai bar salla ya kama shaye-shaye, ga kuma aljanun ruwa. Wanda zai lalace ko a tashar mota zai lalace, kuma muna ganin hakan a unguwa ba tare da an hau jirgi ba. Sahabban da suka yi hijirar farko zuwa Habasha ta jirgin ruwa suka haye. Tun zamanin Halifa Usman musulmi suka kafa rundunar ruwa har suka kai tsibirin Ƙubrus. Tsoron teku al'ada ce muka ɗora wa kanmu, kada mu jingina ta ga addini.

Ta uku ita ce ta masu kuɗi: wai mu 'yan kasuwa ne, wani ya yi gadi mu mu yi ciniki. Wannan ita ce mafi haɗari, domin ta yi kama da hikima. Wanda ba shi da kowa a inda ake yanke shawara, labari kawai yake ji. Mun gani a watan Agustan 2019 da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kaya suka yi ta ruɓewa a Seme. Mun sake gani bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, da motoci suka yi dogon layi a Malanville, kwantenoni suka maƙale a tasha. Yanzu ga bututun mai mai tsawon kusan kilomita 2,000 daga Agadem ya ƙare a Seme, ɗanyen man Nijar ta teku yake fita. Arzikin ƙasar Hausa yana ƙara ɗauruwa da ruwan gishiri, mu kuma ba mu da matuƙa, ba mu da injiniyoyin jirgi, ba mu da masana dokar teku da za a ƙirga. Dako da dillanci muka riƙe, kuma su ne ake fara sallama idan al'amura suka ɓaci.

Hanyar kuwa a buɗe take. Ɗan Najeriya da ke son zama hafsan ruwa, daga makarantar NDA ta Kaduna zai fara, a tsakiyar Arewa. Mai son jiragen kasuwanci akwai makarantar Oron a Akwa Ibom, akwai jami'ar harkokin teku a Accra, akwai takwararta ta masu Faransanci a Abidjan. Yaron Zango da aka haifa a nan, mai takardun Benin, yana da haƙƙin neman shiga sojan ruwan ƙasarsa kamar ɗan Ouidah ko ɗan Porto-Novo. Abin da ake buƙata shi ne lissafi da kimiyya da harshen makaranta, da uban da ba zai cire shi daga aji yana ɗan shekara goma sha uku ya zaunar da shi a shago ba.

Saboda haka ina kira ga Alhazan Zango, ku da kuke haɗa kuɗi ku gina masallaci cikin wata shida: ku haɗa ku ɗauki nauyin yara ko da biyar ne su karanci aikin teku. Malamanmu, ku daina barin tatsuniyar aljanun ruwa tana yanke wa yara makoma. Abokan aikina na rediyo, idan za mu yi hira da tsohon hafsan ruwa, mu tambaye shi yadda ake kai jirgi Monrovia cikin yaƙi kafin mu tambaye shi jam'iyyar da zai koma. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuma namu ɗakin ta gefen teku yake yoyo.