Ƙannena masu karanta Ikonomiks, ku daina gudun lissafi

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, amma don Allah ku daure ku kai ƙarshe, musamman ku da kuke aji ɗaya da aji biyu, da masu shirin cike fom ɗin JAMB.

Shekaranjiya da daddare muna zaune wurin mai shayi a Gwagwalada, wani ƙanen abokina da ke aji biyu ya miƙo min wayarsa, wai in taya shi zaɓen kwasa-kwasan zaɓi na wannan zangon. Na duba, na ga ya tsallake duk wanda ke da ƙamshin lissafi. Na ce masa me ya sa? Ya ce, "Yaya, ai ni lissafi na gudo na zo Ikonomiks, kuma ba na son abin da zai ja min maki ƙasa." Wallahi sai na ji kamar ni ne nake magana shekaru bakwai da suka wuce.

Haka na yi nawa digirin farko. Kwasa-kwasan lissafi na dole na haye su da ƙyar, da haddar tsofaffin tambayoyi. Na zaɓi kuwa, duk wanda manyanmu suka ce "ana samun A a sauƙaƙe" shi nake bi. Na fita da sakamako mai kyau, gida aka yi murna. Da na zo mastas a nan Abuja, a makon farko malami ya cika allo da matiris da kalkulas, ya juyo ya ce ai wannan bita ce kawai, kun san shi tun digirin farko. Ranar na san na yi gudun gara na faɗa wa zago. Wata uku na yi ina koyon abin ɗan aji biyu da tsakar dare, ga aiki da rana, ga kuɗin makaranta da na biya da gumina. Ba laifin kowa ba ne, ni na cuci kaina.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: wanda ya shiga Ikonomiks don gudun lissafi ya yi kuskuren ƙofa, kuma wanda ya riga ya shiga, gara ya ɗauki kwas ɗin lissafi mai wuya ya samu C da ya ɗauki na hadda ya samu A. Tun daga bakin ƙofa ma an gaya mana, don JAMB ba ta barin mai neman Ikonomiks ya zauna jarrabawa ba tare da lissafi ba. Mu ne dai muke ɗaukarsa kamar shingen da za a tsallake sau ɗaya a huta.

Bari in ba ku misalin da ya shafi aljihun kowa. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.80 cikin ɗari a Disamban 2024. A Janairun 2025 ta ce kashi 24.48 ne. Nan take aka rabu biyu, wasu na murna wai kaya sun sauko, wasu na zagi wai gwamnati ta yi ƙarya tunda mudun shinkafa bai sauka a kasuwar Wuse ba. Dukkansu sun kauce. Na farko, an sauya ma'aunin ne, an ɗaga shekarar da ake kwatance da ita daga 2009 zuwa 2024, an kuma sabunta kwandon kayan da ake aunawa. Na biyu, raguwar hauhawa ba ta nufin farashi ya sauka, gudun hawansa ne ya ragu. Bambanci tsakanin inda abu yake da saurin da yake tafiya, shi ne darasin farko na kalkulas. Na ga masu digirin Ikonomiks a cikin ɓangarorin nan biyu, kuma abin ya dame ni.

Ƙara da wannan: idan farashi na hawa kashi 25 duk shekara, cikin shekara uku abin naira 100,000 ya kai kusan naira 195,000. Ma'ana albashin da bai ninka ba a wannan tsakanin, raguwa ya yi. Wanda bai iya wannan lissafin ba, da me zai yi jayayya a kan mafi ƙarancin albashi, ko cire tallafin mai da aka yi a Mayun 2023?

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da gaskiyarsu. Wuraren aiki da yawa suna yanke layi a 2:1, tallafin karatu ma haka, kuma ɗan talaka ba shi da halin yin caca da makinsa. Ga kuma waɗanda suka fito daga sakandaren da malamin lissafi ɗaya ne ke riƙe da dukkan ajujuwa. Ban ce ka kwashi masu wuya guda huɗu a zango ɗaya ka jawo wa kanka kariyoba ba. Ɗaya a kowane zango ya isa. Amma ka sani, 2:1 ɗin tana kai ka bakin ƙofa ne kawai. Da an kira ka jarrabawar ɗaukar aiki, lissafi ne zai fara tarbarka. Da ka shiga, za a miƙo maka alƙaluma a Excel a ce ka faɗi abin da suke nufi. A nan babu haddar da za ta cece ka.

Ga tsarin da zan bi da a ce yau nake farawa. Kalkulas da farko, har sai ka gane shi, ba hadda ba. Sai aljabarar matiris, don a kanta ikonometiriks yake zaune. Sai ƙididdiga da ilimin yiwuwa. Sannan ka riƙe manhaja ɗaya, Stata ko EViews ko R ko Python, ka koye ta kafin lokacin firojek, kada ka zama mai biyan wani ya latsa maka ka kwafe sakamakon da ba za ka iya kare shi ba. Kuma ka shiga sashen lissafi ka yi abokai, ka tambaya ba kunya.

Ku kuma 'yan sashen lissafi da ake yi wa gori wai koyarwa ce kaɗai makomarku, ku ɗauki kwas biyu ko uku na Ikonomiks. John Maynard Keynes, wanda muke haddace sunansa tun aji ɗaya, lissafi ya karanta a Kambirij. Banki da inshora da hukumomin fansho duk suna neman irinku, matuƙar kun san yaren kasuwa.

Sannan a daina cewa lissafi ba namu ba ne. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, malami daga Katsina, ya rubuta littafi a kan murabba'an lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Farfesa Iya Abubakar na Adamawa malamin lissafi ne kafin ya shugabanci ABU Zariya. Rabon gado da nisabin zakka da malamanmu na zaure ke yi, ai lissafi ne zalla. Cibiyar Lissafi ta Ƙasa ma tana nan Sheda, kusa da Kwali, hanya ɗaya da Gwagwalada.

A garin nan Babban Banki yake, a nan NBS take, a nan ake tsara kasafin kuɗi da rabon arzikin ƙasa. Da alƙaluma ake magana a waɗannan ɗakunan. Muna yawan kukan cewa ana yanke hukunci a kan Arewa ba da mu ba. To idan aka ba mu kujerar kuma ba mu iya karanta takardar da ke gabanmu ba, kukan me za mu yi?

Yaron nan dai ya cire kwas ɗaya na hadda ya sa na lissafi, bayan na yi masa alkawarin zama da shi duk Asabar. Duk wanda ke kusa kuma yana so, ya zo mu yi tare, ba kuɗi. Ku tura wa ƙannenku kafin a rufe rajista. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.