Saudiyya ta sayi Fatal Fury, ta kuma shiga Evo: wa zai riƙe ƙofar gasar wasannin faɗa?

A ranar 24 ga Afrilun 2025 kamfanin SNK na ƙasar Japan ya fitar da wasan Fatal Fury: City of the Wolves, shekara 26 bayan fitowar na ƙarshe a jerin, wato Garou: Mark of the Wolves na 1999. Abin da ya fi jan hankalin mutane a sabon gem ɗin shi ne ganin Cristiano Ronaldo a cikin jaruman da ake zaɓa, yana dambe da su Terry Bogard. Masu bibiyar harkar ba su yi mamaki sosai ba. Ronaldo yana taka leda a Al-Nassr, ƙungiyar da asusun zuba jari na gwamnatin Saudiyya, PIF, ke da kashi 75 cikin 100 nata, shi kuma SNK ya riga ya koma hannun wata gidauniya ta Yarima Muhammad bin Salman.

Wannan ciniki ya shafi duk matashin da ke buga Tekken ko Mortal Kombat a waya ko a gidan gem, ko da bai taɓa jin sunan SNK ba. Kuɗin da ya shigo harkar abin maraba ne. Matsalar ita ce hannu ɗaya na ƙara tattara gem ɗin, da filin gasar, da kuɗin kyautar, kuma a irin wannan yanayi wanda ya fi saurin yin asara shi ne ɗan wasan da ba shi da kowa.

Yadda SNK ya sauya hannu

An kafa SNK a yankin Osaka a 1978. Shi ne ya fitar da na'urar Neo Geo a 1990, da Fatal Fury a 1991, da The King of Fighters a 1994. A 2001 ya karye, aka farfaɗo da shi da sunan Playmore, daga baya ya dawo da sunansa na asali. A 2015 masu zuba jari daga China suka sayi mafi yawan hannun jarinsa. A Nuwamban 2020 gidauniyar MiSK, ta hannun kamfaninta mai suna Electronic Gaming Development Company, ta sayi kashi 33.3 cikin 100 a kan riyal miliyan 813. Zuwa 2022 rabonta ya kai kashi 96.

Sayen SNK ɓangare ɗaya ne na babban shiri. A 2022 PIF ya sayi fiye da kashi 5 na Capcom, masu Street Fighter. A shekarar ce kuma Savvy Games Group, wanda shi ma na PIF ne, ya sayi ESL da FACEIT, manyan masu shirya gasa, a kan dala biliyan 1.5, sannan aka sanar cewa zai zuba riyal biliyan 142 a harkar wasannin bidiyo. A 2023 ya sayi Scopely, masu Monopoly GO na waya, a kan dala biliyan 4.9, shi kuma Scopely a 2025 ya sayi sashen wasannin Niantic, har da Pokémon GO, a kan dala biliyan 3.5. A Satumban 2025 aka sanar da cinikin Electronic Arts, masu gem ɗin ƙwallo na EA Sports FC, a kan dala biliyan 55, kuma PIF na cikin masu sayen.

Filin gasar ma an saye shi

Evo ita ce babbar gasar wasannin faɗa ta duniya. Ta faro a 1996 a jihar California da sunan Battle by the Bay, lokacin da wasu matasa masu son Street Fighter suka haɗu don a san gwani. A 2002 ta koma Evolution, daga baya ta zauna a Las Vegas. A gasar 2004 ne Daigo Umehara na Japan ya kare kansa daga jerin bugun Justin Wong yana saura ƙiris ya mutu, ya juya wasan ya ci, bidiyon da har yau ake yawo da shi a YouTube.

Darajar Evo tana cikin tsarinta: kowa zai iya biyan kuɗin rajista ya shiga. Ba a tambayar mutum ƙungiyarsa ko wanda ya ɗauki nauyinsa. A 2023 fiye da mutum 7,000 suka yi rajistar Street Fighter 6 kaɗai, kuma yaron da ya zo karon farko yana iya faɗawa rukuni ɗaya da zakaran duniya.

A 2021 Sony da wani kamfani mai suna RTS suka sayi Evo daga waɗanda suka kafa ta. A Agustan 2025 Sony ya sayar da rabonsa ga NODWIN Gaming na Indiya. Makonni kaɗan bayan haka Qiddiya, kamfanin da ke gina birnin nishaɗi a kusa da Riyad, wanda shi ma na PIF ne, ya mallaki RTS. A gefe guda kuma akwai Esports World Cup da ake yi a Riyad, wadda ta raba fiye da dala miliyan 60 a 2024 da fiye da miliyan 70 a 2025, kuma Street Fighter 6 da Tekken 8 kowanne ya samu dala miliyan 1.

Idan aka haɗa lissafin, masu Fatal Fury, da masu hannu a Evo, da masu shirya gasar Riyad, duk suna komawa ga hukumomin da mutum ɗaya ke shugabanta.

Alherin da ke ciki

Adalci shi ne a faɗi abin da kuɗin ya gyara. Shekaru da dama zakarun wasannin faɗa suna cin gasa su tashi da kuɗin da bai fi na jirgi da otal ba. A 2025 SNK ya sanya dala miliyan 2.5 a gasar duniya ta Fatal Fury, miliyan 1.5 na wanda ya zo na ɗaya. Wasan da ya yi shekara 26 a kwance ya tashi. Ba don sabon jari ba, da wuya a ga haka.

Akwai kuma batun wuri. Las Vegas ta yi wa ɗan Afirka nisa tun kafin a zo maganar biza. A Yunin 2025 Amurka ta hana 'yan ƙasashe 12 shiga ƙasarta, ciki har da Chadi da Sudan, a Yuli kuma ta mayar da yawancin bizar ziyara ta 'yan Najeriya ta wata uku, shiga sau ɗaya. Hanyar Saudiyya kuwa sananniya ce ga mutanen Kano da Yamai da Anjamena. Idan manyan gasa suka matso gabas, ƙofar da ta daɗe a rufe tana iya buɗewa.

Masu sukar cinikin a Turai da Amurka sun fi kawo batun haƙƙin ɗan Adam, musamman kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi a 2018, kuma akwai 'yan wasan da suka ƙi zuwa Riyad saboda haka. Wannan magana ce mai nauyi. Wasu kuma suna tambayar dalilin da ya sa ba a yi irin wannan hayaniya ba lokacin da kuɗin China ya sayi SNK ɗin a 2015, ko lokacin da Tencent ya mallaki Riot Games. Kowane ɓangare yana da abin faɗa. Sai dai akwai matsalar da za ta kasance nan ko da mai sayen Ba'amurke ne ko Bajafane.

Inda haɗarin yake

Wanda ya mallaki gasa shi ke zaɓar wasannin da za a buga a babban dandali, da lokacin da za a nuna su, da kyautar da za a sa musu. Idan shi ɗin ne kuma mai ɗaya daga cikin wasannin, dole a yi tambaya: an sa gem ɗin ne don mutane suna bugawa, ko don na mai gida ne? A da yawan masu rajista ne babban ma'aunin da ke nuna wasan da ke da rai a Evo. Kyautar miliyoyi tana iya jawo ƙwararru su koma wasan da jama'a ba su damu da shi ba, a bar wanda ake bugawa a unguwanni ba tallafi.

Abu na biyu shi ne bakin 'yan wasa. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Ɗan wasan da albashinsa da kyautarsa da tikitin jirginsa duk daga wuri ɗaya suke fitowa zai yi tunani sau biyu kafin ya ce gem ɗin yana da matsala, ko alƙalancin bai yi daidai ba. A da, wanda ya ɓata da mai shirya wata gasa yana da wata gasar da zai je. Idan masu gidan suka zama ɗaya, wannan mafita ta ragu.

Abu na uku, kamfanoni sun riga sun nuna cewa suna iya rufe ƙofa idan sun ga dama. Bayan Sony ya sayi Evo, Nintendo ya janye Super Smash Bros. daga gasar 2022, duk da dubban masu bugawa. A Satumban 2025 Capcom ya sanar cewa sai an biya kuɗi kafin a kalli wasan ƙarshe na Capcom Cup kai tsaye, abin da a baya ake kallo kyauta, kuma magoya baya suka yi ca a kansa. Ga matashin da ke lissafin data kafin ya buɗe YouTube, irin wannan mataki yana nufin ba zai ga manyan gwanaye suna wasa ba, alhali ta kallonsu ake koyo.

Darasin Mortal Kombat ga masu waya

Mortal Kombat ma ya taɓa sauya hannu. Kamfanin Midway ya karye a 2009, Warner Bros. ya sayi mafi yawan kadarorinsa a kan dala miliyan 33, ya kafa NetherRealm Studios. Cinikin ya ceto wasan, domin fitowar 2011 ta dawo masa da martaba. Amma mai gidan nan ne ya fitar da Mortal Kombat: Onslaught a waya a Oktoban 2023, ya rufe shi a Oktoban 2024. MultiVersus, wani wasan faɗa na Warner, an kashe buga shi ta intanet a Mayun 2025. Bandai Namco ma ya rufe Tekken na waya a farkon 2019, kusan shekara ɗaya da fitowarsa.

Duk wanda ya sa kuɗi ya sayi jarumi ko kaya a cikin irin waɗannan wasanni, izinin amfani kawai ya saya, kuma izinin yana ƙarewa ranar da kamfani ya ga ribar ta ragu. Don haka labarin wane ya sayi wane kamfani yana da alaƙa kai tsaye da aljihun mai waya. Sabon mai gida yana zuwa da sabon lissafi, kuma ƙananan wasannin waya ne ake fara yankewa.

Abin da ya kamata a auna

A 2019 wani matashi daga Lahore ta Pakistan, Arslan Ash, ya isa gasar Evo Japan da ƙyar bayan wahalar biza da sauya jirage, ya doke gwanayen Koriya da Japan a Tekken 7. A shekarar ya sake cin Evo ta Las Vegas. Kafin nan duniya ba ta san akwai gwanayen Tekken a ƙananan gidajen gem na Pakistan ba. A 2017 MenaRD daga Jamhuriyar Dominika ya ci Capcom Cup, ya ɗauki dala 250,000, ya zuba wani ɓangare a horar da 'yan ƙasarsa. Waɗannan mutane sun fito ne saboda akwai gasar da ba ta tambayi ko su wane ne ba.

Gasar Riyad tana tafiya a wani tsarin daban. 'Yan ƙalilan ne ke kai wa babban dandali, yawancinsu sai sun yi nasara a wasu gasanni a ƙasashe daban-daban, abin da ke buƙatar kuɗin tafiya ko ƙungiya mai ɗaukar nauyi. Tsarin yana da kyau ga kallo, kuma yana biyan waɗanda suka riga suka yi suna. Idan shi ne ya zama abin koyi har Evo ta bi sahu, Arslan na gaba, ko a Lahore yake ko a Zariya, ba zai samu inda zai nuna kansa ba.

Saboda haka girman kyauta bai isa ya zama ma'aunin sababbin masu gida ba. Akwai tambayoyi huɗu da za a riƙa yi musu kowace shekara. Shin rajistar Evo tana nan a buɗe ga kowa, a kuɗin da talaka zai iya biya? Shin ana zaɓar wasanni ne bisa yawan masu bugawa? Shin kallon wasan ƙarshe kyauta ne? Shin akwai gasar share fage a Afirka ta Yamma wadda ke ba da tikiti na gaske, tare da kuɗin jirgi da taimakon biza? Evo ta kai Faransa a Oktoban 2025, a birnin Nice, bayan Amurka da Japan. Masu iya kashe dala biliyan 55 a kan kamfani ɗaya ba za su ce kuɗin shirya gasa a Legas ko Akara ko Abidjan ya gagare su ba.

A ɓangaren 'yan wasa kuma, tarihin Evo da na Pakistan yana nuna cewa harkar daga ƙasa take tasowa. Gidan gem da ke shirya gasa duk mako, ya rubuta sakamako, ya ɗauki wasannin da waya ya ɗora a YouTube ko TikTok, yana gina abin da babu kamfanin da ya mallaka. Taruka irin su GamrX a Legas da FEJA a Abidjan sun nuna akwai masu zuwa idan an shirya. Ranar da masu kuɗin Riyad suka waiwayo Afirka, za su fara neman garuruwan da suke da 'yan wasa sanannu da bidiyon da ke tabbatar da ƙwarewarsu, kuma waɗanda suka riga suka tsara kansu ne za su iya faɗin sharuɗansu.